Takin Da Ruwan Farko Ke Kwashewa A Lambunan Wudil

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san cewa da zarar mota ta hau gadar Wudil, ido kan sauka ne a kan ruwan kogi da ke tafiya a hankali tsakanin tsibiran yashi, da kuma koren lambunan da suka yi masa ƙawanya hagu da dama. A watan Janairu ko Fabrairu wurin gwanin ban sha'awa ne, tumatir ya yi ja, albasa ta miƙe, ƙarar injin ban ruwa na tashi ta ko'ina. Amma idan mai karatu ya sake bi ta wurin a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, zai tarar labari ya sha bamban. An tsinke na tsinkewa, an cire na cirewa, fangaloli da dama sun koma fili fetal, sai busasshen karan tumatir da awaki ke bi suna tsinta. Wannan fili da ake bari tsirara na 'yan makonni, tsakanin ƙarewar noman rani da zaman damina, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami a yau.

Tun kafin a yi nisa ya kamata in wanke kaina a wurin malaman aikin gona, kada su ce na yi musu shiga sharo ba shanu. Ni ɗalibin harshe ne, kuma harshen ne ya kai ni lambu. Shekaru kaɗan da suka wuce na fita da wasu ɗalibaina tattara kalmomin noman rani daga bakin masu sana'ar, domin mun lura da yawansu na neman ɓacewa tun da injin ban ruwa ya kori jigo. A wani lambu da ke bakin kogin muka tarar da wani dattijo yana naɗe tiyo, ya gama kakar tumatir. Cikin hira ya lissafa mana buhunan takin da ya zuba a shekarar, yana yi yana girgiza kai saboda tsada. Sai na ce masa, "To Baba, duk takin nan tumatir ne ya shanye shi?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ina tumatir zai iya? Rabi nasa, rabi ƙasa ta ci abinta. Ai ajiya ce, mai shukar damina zai tarar."

Wannan jimla ta "ƙasa ta ci" ta daɗe tana yi mini yawo a ka. A Hausa abin da aka ci yana ciki, cikin ƙasa kuwa a tunaninmu rumbu ne, abin da ka ba ta ajiya za ta maido maka. Kuma dattijon bai yi ƙarya ba, illa dai maganar tasa an haife ta ne a zamanin wani taki daban. Kakanninmu na karkarar Kano sun shekara aru-aru suna noma gona ɗaya ba tare da sun bar ta ta huta ba, da ƙarfin kashin dabbobi da toka da sharar birni da jakuna ke kaiwa gonaki a mangala. Irin wannan taki ruɓewa yake yi sannu a hankali, don haka wanda ka zuba bana, baɗi ma za ka ga alamarsa. Da takin zamani ya shigo, muka yi masa maraba, muka raɗa wa ire-irensa sunayen da suka dace da bakinmu, kamfa da sufa da yuriya, sa'annan muka ɗauki tsohuwar jimlar nan muka ɗora masa. Matsalar ita ce, mafi tsadar abin da ke cikinsa ba ya zaman ajiya.

Abin da ke sa ganye ya yi kore shar shi ne sinadarin da ake kira naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 nasa, wato kashi 46 cikin 100, buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi. Idan aka zuba yuriya a ƙasa mai ɗumi da laima, cikin 'yan kwanaki ƙananan halittun ƙasa za su juya shi ya zama amoniyam, wanda ke iya maƙalewa a jikin laka. Bayan mako ɗaya zuwa 'yan makonni kuma su sake juya shi ya zama naitiret. To a nan gizo ke saƙar. Naitiret ba ya kama jikin ƙasa, domin masana sinadarai sun ce cajinsa da na ƙwayoyin laka iri ɗaya ne, suna ture juna. Yana narke ne a cikin laimar ƙasa yana jira. Idan saiwa ta riga zuwa, ya zama ganye da 'ya'ya. Idan ruwa ya riga, sai ya bi shi duk inda ya nufa.

Matan karkara sun fi kowa sanin yadda wannan ke faruwa, ko da yake ba a gona suka koya ba. Mai son ruwan toka takan zuba toka a kasko mai huji, ta kwarara ruwa a kai, ta tara wani mazubi a ƙasa. Ruwan da ke tsiyaya shi ke tafe da duk ƙarfin tokar, abin da ya rage a kasko kuwa sai dai a zubar. Fangalin da aka gama tumatir a cikinsa kaskon toka ne. Bambancin kawai shi ne babu wanda ya tara mazubi a ƙarƙashinsa.

Me ya sa ake samun ragowa tun farko? Dalili na farko halittar kayan lambun ce. Albasa da latas da makamantansu saiwarsu ba ta da zurfi, mafi yawanta ba ta wuce tsawon kamu ɗaya, shi ma tumatirin dashe da ake shayarwa a kai a kai ba ya wahalar da kansa neman ruwa a can ƙasa. Duk takin da ya gangara ƙasa da inda saiwa ta tsaya, ya fi ƙarfin shukar. Dalili na biyu lissafin manomi ne. Kwandon tumatir kuɗi ne, wanda ya kashe dukiyarsa a iri da dashe da mai da leburori ba zai yarda ƙarancin taki ya ja masa asara ba, gara ya zuba ya yi yawa. Ko a noman hatsi, wani ƙiyasi da masana suka fitar a 1999 ya nuna kusan kashi 33 cikin 100 kacal na naitirojin da ake zubawa a duniya ke komawa cikin amfanin da aka girbe. Saura wani ya tashi sama, wani ya tsaya a ƙasa, wani ya bi ruwa.

A nan akwai wani abin mamaki da ke sa maganar ta yi wuyar shiga kunnen hukumomi. Kukan da aka saba ji game da Afirka shi ne ƙarancin taki. A watan Yunin 2006 shugabannin nahiyar sun taru a Abuja, suka ce matsakaicin abin da manominmu ke zubawa kilo 8 ne a hekta, suka kuma ɗauki alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Wannan gaskiya ne game da gonar gero da dawa ta kan tudu, wadda wani lokaci ko mudu ɗaya ba ta samu. Amma matsakaicin lissafi yakan ɓoye abubuwa da yawa. Mutumin da gonarsa ta tudu ke fama da yunwa, shi ne kuma lambunsa na bakin kogi ke ƙoshi har ya bar saura. Ƙasa ɗaya, manomi ɗaya, cuta biyu mabambanta, ba kuwa za a yi musu magani ɗaya ba.

Yanzu mu duba kalandar. Ana dashen tumatir da tattasai da attaruhu bayan ɗaukewar ruwa, a yi ta tsinka daga Janairu har zafin Maris da Afrilu ya kashe kasuwar ko ya kashe shukar. Daga nan fangali ya bushe. Muddin ƙasa a bushe take, ragowar takin na nan daram, domin babu abin da zai ɗauke shi. Sai hadarin bazara ya haɗo, a yi ruwan farko da na biyu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Wannan ruwa yakan zo da wata kyauta ma: wani masani mai suna Birch da ya yi bincike a Gabashin Afirka ya bayyana a 1958 cewa busasshiyar ƙasa idan ta jiƙe, takan saki naitirojin mai yawa a lokaci guda daga ruɓaɓɓun abubuwan da ke cikinta. Manoman gero sun riga shi sani a aikace, shi ya sa suke yin binne tun ruwa bai sauka ba, kuma kowa ya san geron shukar farko ya fi na baya ƙarfi. To amma a lambun da aka bari tsirara, ragowar takin rani da wannan kyauta ta ruwan farko duk suna haɗuwa ne a lokacin da babu saiwa ko ɗaya da za ta karɓa. Mai lambu zai jira ruwa ya zauna kafin ya shuka masara ko shinkafa, shukar kuma sai ta yi makonni kafin saiwarta ta yi nisa. Kafin nan an yi ruwa uku ko huɗu masu ƙarfi, kuma ƙasar bakin kogin nan da yawanta yashi ne, ba ta riƙe ruwa. Ajiyar da dattijo ya bar wa mai shukar damina ta riga ta yi gaba.

Mu ƙaddara, don misali kawai, manomi ya zuba buhu shida a lambunsa, kashi ɗaya cikin uku ya rage a ƙasa bayan tsinkar ƙarshe. Buhu biyu ke nan. Tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022 da kuma faɗuwar darajar Naira daga 2023, kowane manomi ya san abin da buhu biyu ke nufi a aljihunsa. Da a ce wani ne ya shigo lambu da dare ya saɓa buhu biyu ya fita, da gari ya waye an kai magana gaban mai unguwa.

Ina takin ke zuwa? Hanya biyu gare shi. Ta farko ƙarƙashin ƙasa. A fadama ruwa ba shi da nisa, wannan ne ma ya sa shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990 ya yi nasarar baza ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa. Ruwan da ke kusa da manomi kuwa yana kusa da takinsa, kuma daga wannan ruwa ne rijiyoyin ƙauyukan bakin kogi ke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada naitiret ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha, ma'aunin ruwan sha na Nijeriya na 2007 shi ma haka ya ce. Dalilin ƙa'idar jarirai ne. Tun a 1945 wani likita mai suna Hunter Comly a jihar Iowa ta Amurka ya gano cewa jariran da ake dama wa madara da ruwan rijiya mai yawan naitiret, jininsu kan kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, har fatarsu ta sauya launi. Abin tsoron shi ne naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, kuma tafasa ruwa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi saboda ruwan ya ragu. Abubuwa uku da ke haɗuwa su ɓata rijiya a ko'ina a duniya su ne ƙasa mai yashi, da ruwa marar zurfi, da taki mai yawa. Mai karatu ya duba bakin kogin Wudil ya ƙirga da kansa.

Hanya ta biyu kogin ne. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil haɗakar Kogin Kano ne, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a 1992. Kafin ya iso ya riga ya karɓi abin da ya tsiyayo daga dubban kadadun noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, ban ma taɓo maganar ruwan masana'antu ba, wannan sai wata rana. Daga Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya, ya bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru. Mutanen can sun shafe shekaru suna fama da ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Babban abin da ya ba ta gindin zama shi ne sauyin da madatsun ruwa suka kawo, ruwa ya daina ƙafewa da rani, wannan ba a jayayya. Amma kacala ciyawa ce mai son ruwa mai taki, kuma abin da ya kuɓuce wa tumatir a sama abinci ne gare ta a ƙasa.

Abin da ya ƙara sa nake ganin lokacin wannan magana ya yi shi ne shigowar noman rumfar leda, wato ɗakin da ake kafawa da ƙarfe a lulluɓe da leda da raga, a noma kayan lambu a ciki rani da damina. Tun bayan da aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka yi wa laƙabi da Sharon ta yi wa tumatir kaca-kaca, sha'awar noman da ke cikin kariya ta ƙaru. Yau matasa masu ɗan jari, musamman waɗanda suka yi boko, shi suke hange, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai kafin mu yi nisa ya kyautu mu tambayi waɗanda suka riga mu. A cikin rumfa ana zuba taki fiye da na fili, ana noma sau biyu ko uku a shekara, ruwan sama kuma ba ya shiga. Ragowar takin sai ta taru ta zama gishiri a saman ƙasa, har shuka ta fara ƙonewa. Maganin da manomi kan yi shi ne ya malala ruwa mai yawa ya wanke ƙasar, ko ya yaye ledar ruwan sama ya wanke masa. Wato da hannunsa yake tura takin zuwa rijiya.

A lardin Almeriya na kudancin Sifen akwai rumfunan leda da suka rufe hekta kusan 30,000, daga nan ake ciyar da Turai tumatir da tattasai a lokacin sanyi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasar yankin yana cikin waɗanda hukuma ta ayyana a matsayin masu fama da naitiret, bisa dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 1991. A arewacin ƙasar Sin, a wurare irin su Shouguang ta lardin Shandong, manoma kan huta a tsakiyar lokacin zafi, su yaye leda, daidai lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a can. Halin da suke shiga ya yi kama da namu na Mayu da Yuni kamar an tsaga kara: ƙasa cike da ragowar taki, babu shuka, ga ruwa. A shekarun 2000 masu bincike na Jami'ar Aikin Gona ta Sin da ke Beijing suka gwada shuka masara mai zaƙi a wannan ɗan tsakani, ba tare da an ƙara mata taki ba. Masarar ta zuƙe wani kaso mai yawa na ragowar, abin da ke zurarewa ƙasa ya ragu, manomi kuma ya sami abin sayarwa. Manoman Japan su ma sukan shuka dawa a rumfa don ta share musu gishirin ƙasa. A Denmak kuwa tun ƙarshen shekarun 1990 doka ta tilasta wa manoma shuka irin wannan a wani kaso na gonakinsu bayan girbi.

Turawa suna kiran wannan shuka da sunan da ke nufin kamawa, domin aikinta ke nan, ta cafke taki kafin ya tsere. Na nemi takwarar kalmar a Hausa. Mafi kusa ita ce gyauro, amma gyauro shi ke fitowa da kansa, ba shuka shi ake yi ba, kuma ba a ɗora masa wani aiki. Ina ganin harshenmu yana da ƙirar da ta dace, wato haɗa aikatau da suna a ƙera sabuwar kalma, kamar yadda muka sami dafa-duka da fasa-ƙwauri da rufa-ido da hana-salla. A kan wannan ƙira nake ba da shawarar a ce tare-taki. Ban ce dole sai ita ba. Na dai san malamin gona ba zai iya tallata abin da ba shi da suna a gidan rediyo ba, kuma sau da yawa dabarar da ta zo da sunan Turanci takan ƙare a takardar taron bita, ba ta isa fangali ba.

Yaya tare-taki zai kasance a Wudil? Sharaɗin farko shi ne lokaci. Dole saiwa ta riga ruwan sama sauka, don haka shukar za a yi ta ne da laimar ban ruwa na ƙarshe, ranar da aka tuge tumatir ko ma kafin a tuge, a jefa iri a tsakanin layuka. Na biyu, ba a zuba mata taki, in an zuba an ɓata lissafin. Na uku, zaɓen iri. Da yawa za su ce a shuka wake, tun da kowa ya san wake na gyara ƙasa. A wannan muhalli wake ba shi ne gwani ba, domin shi yana da hanyar samo nasa naitirojin daga iska, ya fi dacewa da ƙasar da ta talauce. Ƙasar da ta ƙoshi mayunwaci take bukata, mai saurin girma, mai dogon saiwa, kuma masara da dawa da gero saiwarsu kan kai mita ɗaya ko fiye, su kamo abin da ya wuce tumatir. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar IITA, sun fitar da irin masara masu nuna cikin kwana 80 zuwa 90, ɗanyarta ta gasawa kuwa ba ta kai haka. Wanda ya shuka a tsakiyar Afrilu zai iya fito da ɗanyar masara a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da ta damina ba ta shigo kasuwa ba. Akwai kuma wata riba ta gefe: tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cututtuka da ƙwarin da suka saba da su, har da ita Sharon, da yawansu ba su da abin ci a jikin masara.

Ko da masarar ba ta kai ga yin goyo ba, Wudil tana da abin da Shouguang ba ta da shi. Kasuwar shanunta ta ranar Juma'a tana cikin manya a ƙasar nan, kuma Mayu da Yuni su ne watannin da abincin dabba ya fi wuya, harawa ta ƙare, sabuwar ciyawa ba ta fito ba. Ɗanyen kara a wannan lokaci ba ya kwantai. Sai dai a nan akwai gargaɗi, kada a gyara gona a kashe sa. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa ƙaramar dawa da gyauronta na iya kashe saniya, musamman idan fari ya taɓa ta, saboda wata guba da ke cikin sabon ganyenta. Haka kuma duk shukar da ta zuƙi naitiret mai yawa takan tara shi a gindin kara, shi ma yana cutar da dabba idan ya yi yawa. Don haka masara ta fi dawa aminci, a bar ta ta girma sosai, a yanke sama a bar gindin a gona, a kuma gauraya da wani abincin maimakon a ɗura wa dabba mai jin yunwa shi kaɗai.

Na san abin da manomi zai ce, domin an faɗa mini. Afrilu da Mayu su ne ƙololuwar zafi, shuka ba za ta rayu da laimar farko kaɗai ba, sai an shayar da ita sau da yawa kafin ruwa ya sauka, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 tayar da inji ba wasa ba ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Amsar da ke gare ni ita ce a yi lissafi: kuɗin man shayarwa a gefe guda, kuɗin masara da kara da takin da aka ceto a ɗaya gefen. Wanda kuma ya koma injin hasken rana, kamar yadda da dama suka fara yi, shi ranar Afrilu kyauta ce gare shi. Hujja ta biyu dabbobi ne, domin da an ɗauke amfanin rani akan saki awaki da shanu, kore ɗaya tilo a tsakiyar fili kuwa kiran rigima ne. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai masu lambunan yanki guda sun haɗa kai sun shuka tare, a kuma zauna da makiyaya, waɗanda su ne ma za su fara sayen karan. Ƙasan fadama da ruwa ke mamayewa da wuri shi ma ba zai karɓi wannan dabara ba, ta fi dacewa da lambunan da ke ɗan tudu.

Hujja ta uku ita ce ta fi damuna, ita ce kuma ba a cika faɗa ba. Lambuna da yawa haya ne ko aro. Mai noman rani yakan karɓi fili bayan kaka, ya mayar wa mai shi kafin damina. Wanda ya sayi takin ba shi ne zai ci ragowarsa ba, wanda zai ci ragowar kuma bai san zafin kuɗinsa ba, don haka babu mai dalilin tsayawa ya tare shi. Na fahimci cewa dattijon da muka yi hira da shi a wannan hali yake, shi ya sa ya faɗi maganar ajiya da sakin fuska, kamar mai ba da sadaka. Gyaran wannan ba ya bukatar doka daga Abuja ko Kano. Magana ce ta yarjejeniya a gaban shaidu: a ƙara wa ɗan haya wata biyu ya cire masararsa, ko mai fili ya shigo da wuri ya shuka a bayan tumatir su raba kuɗin mai.

Kada kuma a ɗauka tare-taki lasisi ne na barbaza taki yadda aka ga dama. Wani kaso na asarar tun cikin rani yake faruwa, duk lokacin da aka zuba yuriya sa'annan aka cika fangalin yashi da ruwa har baki. Wannan ba abin da zai tare shi sai a rage yawan abin da ake zubawa a lokaci guda, a rarraba shi kaɗan-kaɗan, a kuma daidaita ruwan. Su ma masu binciken Sin abin da suka nanata ke nan, cewa rage takin da ya wuce kima shi ne gaba, shukar kamun tana biye.

Abin farin ciki, Wudil ba ta rasa masu ilimin wannan aiki ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ta fara aiki a garin a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, tana da tsangayar aikin gona, kuma tsakaninta da bakin kogi tafiyar 'yan mintoci ce. Auna naitiret a ruwan rijiya aiki ne da ɗalibin ajin ƙarshe zai iya yi. Da za a zaɓi rijiyoyi ashirin a ƙauyukan bakin kogi, a auna su a Afrilu, a sake aunawa a Yuli da Oktoba, a bayyana sakamakon da Hausa a rediyo, da an ba manoma da hukumar KNARDA da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are abin da za su kama. Duk wanda kuma zai ba matasa rancen kafa rumfar leda, ya kamata ya tambaye su tun a takardar neman rancen abin da za su shuka tsakanin tumatir da tumatir, da inda ruwan wankin ƙasarsu zai tafi.

Shi kuwa mai lambu ba sai ya jira jami'a ba. Bana idan ya yi tsinkar ƙarshe, ya ware fangali huɗu ko biyar, ya jefa masara da laimar da ta rage, ya shayar da ita kamar yadda ya saba, kada ya ba ta ko cokali ɗaya na taki. Ya kuma jefa irin wannan masara a wani gefen da bai ga taki ba a ranin, ya shayar da su tare. Bayan mako huɗu ya tsaya a tsakani ya dubi launin ganyen biyun. Idan na fangalin tumatir ya fito kore shar, ɗayan kuma ya yi fari-fari, to takin da ya saya a watan Fabrairu da Maris ne masarar ke ci.